Madugu Barmo da Baƙuwar Gindin Rumbu

An ruwaito a cikin tsofaffin takardu, irin waɗanda gara ta ci gefensu ta bar tsakiya, cewa a zamanin da fatake ke ratsa daji wata uku da jakuna kafin su ga goro, an yi wani gari mai ganuwa ana ce masa Birnin Farin Yashi. Sunan sarkinsa Anaruwa, don ranar da aka haife shi sama ta kwana biyu ba ta ɗauke ba. An ce mutum ne mai jinkirin magana, amma in ta fito daga bakinsa ba ya komawa ya lashe ta.

Garin kuwa zangon fatake ne, da baƙi ya ginu. Saboda haka suna da wata al'ada tun ta kakanni: baƙon da ya sauka a gidan mutum, muddin bai yi ɓarna ba, ba a zubar da jininsa a cikin ganuwa. In zama ya ƙi, sai a raka shi har ƙofar gari, a yi masa fatan sauka lafiya.

A wannan birni akwai wani madugu, Barmo, wanda ya ja ayari zuwa Gwanja, ƙasar goro, sau goma sha huɗu, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Sai ya sayar da jakunansa, ya gina rumbuna uku a bayan gida, ya koma sayar da hatsi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure a wasu garuruwa, ya rage shi kaɗai a gidan. Abu guda ke ba mutanen unguwa mamaki. Ɓera ya ci rumbun liman, ya ci na sarkin fawa, gafiya ta yi rami har cikin rumbun fada, amma geron Barmo ya shekara uku, ka buɗe ka same shi kamar jiya aka yanko shi. Wasu suka ce laya ya binne, wasu suka ce wani ganye ya zo da shi daga kurmi. Duk surutu ne. Mesa ce.

Shekararta goma sha tara tana zaune tsakanin duwatsun da aka ɗora babban rumbunsa a kai. Ya sa mata suna Magajiya. Kullum da hantsi in zai buɗe rumbu, sai ya ƙwanƙwasa jikinsa sau uku da sanda, ita kuwa ta miƙo kai daga ƙarƙashi, ta fito da harshe ta mayar. Barmo ya ce, "Barka da hantsi, Magajiya," ya shiga awonsa. In ta yi saɓa, wato ta tuɓe tsohuwar fatarta, sai ya ɗauka ya auna da kamu yadda ake auna saƙi a kasuwa, ya ninke ya sa a adudu. Ta farko kamu ɗaya ce da taƙi. Ta ƙarshe kamu tara.

An ce a wata shekara kurar wani gardi ta tsinke sarƙa a tsakiyar kasuwa, ta cire wa wani marini hannu tun daga kafaɗa. Sarki Anaruwa ya sa aka yi shela: duk naman dajin da aka samu a gidan wani a cikin ganuwa, a kashe shi, mai gidan kuma ya fita daga gari kafin ruwan farko ya sauka. Barmo ya ji shelar da kunnensa yana cikin awo, ko mudu bai ajiye ba. A ransa ba da shi ake ba. Ina ruwan Magajiya da naman daji?

Wanda ya saba da abu kuwa shi ne makahonsa. Wata safiya ya sami sabuwar saɓa raɓa ta jiƙa ta, sai ya shanya ta a kan dangar da ta raba shi da maƙwabta, kamar wanki. A ɗaya gefen dangar akwai Ladidi, matar wani maƙeri, tana da tagwaye masu rarrafe. Ta fito shara ta ga abu ya rufe danga daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ba ta yi ihu ba. Ta goya ɗaya, ta saɓa ɗaya, ta tafi kai tsaye gidan Jatau, Sarkin Baka, shugaban maharban gari.

Washegari da sanyin safiya, lokacin da jikin maciji bai sake ba, Jatau ya zo da maharba shida suka zaro Magajiya, suka sa ta a ƙaton kwando mai murfi. Dogarai suka sa Barmo a gaba zuwa fada.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa. Fadawa suka ce, "An gaishe ka, madugu."

Sarki ya dube shi ya ce, "Madugu, ka ji shelata?"

"Na ji, Allah ya ba ka nasara."

"Da kunne ɗaya ko da biyu?"

"Da biyu, ranka ya daɗe. Amma shela ta naman daji ce. Wannan dabbar gida ce."

Jatau ya murmusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a garin nan kowace dabbar gida tana da shaidar mai ita. Akuya a tsaga mata kunne, jaki a yi masa lalas a cinya. Madugu ya taimaka ya nuna mana kunnen da ya tsaga."

Fadawa suka rufe baki da hannun riga. Sarki bai yi dariya ba. Ya ce wa Barmo ya faɗi yadda aka yi ta zama tasa.

Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a tafiyata ta ƙarshe daga Gwanja muka sauka a bakin wani kogi, wutar daji ta biyo mu, muka ɗora kaya a gurguje muka haye. Sai da na iso gida na sauke mangala, na same ta a naɗe a ƙarƙashin huhun goro, ba ta fi damtsena tsawo ba. Matata, Allah ya jiƙanta, ta ɗauko taɓarya. Na ce a'a, abin da ya gudo daga wuta ya faɗa kayana, ba ni zan ƙarasa shi ba. Na ajiye ta a gindin rumbu. Tun daga ranar ban san ɓera ba. In gafiya ta yi wuya nakan ba ta zakara. Ina ƙwanƙwasawa ta amsa. Shekara goma sha tara, ranka ya daɗe. Akuyar wa ta kai haka a gidansa?"

Sarki ya juya ga Jatau. Sarkin Baka ya gyara zama ya ce, "Zaki, ni ma ina da nawa labarin. Ubangidana da ya koya mini baka, Baushe, ya taɓa tsintar 'yar damisa idonta bai buɗe ba. Da nonon akuya ya raine ta. Tabarma ɗaya suke kwana. In ya dawo daga farauta ta tare shi a ƙofa tana goga kai a gwiwarsa, har mukan ce ta fi 'ya'yansa son sa. Shekara biyar ana haka. Wata rana zazzaɓi ya kama shi, ya fito tsakar gida zai yi alwala, jiri ya ɗebe shi ya faɗi rub da ciki yana shure-shure. Ba ta ƙi shi ba, ranka ya daɗe, ba ta yi fushi da shi ba. Ta ga abu ya faɗi, ƙeya a buɗe. Ni na tattara abin da ya rage na binne. Da na harbe ta kuwa, tana kwance a kan tabarmarsa tana jiran ya dawo."

 Sarki ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Kowannenku ya faɗi abin da idonsa ya gani. Madugu, na ba ka kwana uku. Ka zo filin ƙofar fada, a gaban jama'a, ka gaya mini abin da ke mai da dabba ta gida, ka kuma nuna mini shi a jikin wannan. In ka nuna, ka koma da abarka. In ka kasa, Jatau ya harbe ta a wurin, kai kuma ka san sauran shela."

Barmo ya fito daga fada. Shekarunsa sun haura sittin. Ina zai nufa, wa zai gina wa rumbu a garin da ba a san ubansa ba? Amma abin da ya fi damunsa shi ne kwandon nan da ya ji an ja a ƙasa.

Wazirin garin, Cindo, tare suka yi wasan ƙasa da Barmo. Ya aika aka kira shi zaurensa, ya sallami kowa, ya ce, "Barmo, kai dai har yanzu wautarka ba ta tsufa ba. Wa ke shanya saɓar mesa a danga? To saurara. Tana cikin kwando ba ta ci komai ba, kuma ba za a ba ta ba. Ka sayi burgu, ka yanka, ka goge bakin rigarka da ƙafafunka da shi. Ranar nan ka ƙwanƙwasa, za ta zo maka kai tsaye. Jama'a su ga dabba ta amsa kiran mai ita, magana ta ƙare."

Barmo ya ce, "Allah ya ja kwanan Waziri, wannan ba yaudara ba ce?"

"Yaudara ita ce wadda ta cuci wani. Kai wa ka cuta?"

Barmo ya tuna tagwayen Ladidi. Ya biya kasuwa ya sayi burgu ƙato, ya sa a jaka.

Saura rabin tambayar sarki, wato amsar da zai faɗa da baki. Barmo yana da yaya mace, Tabawa, tsohuwa mai kiwon zabi a kusa da ƙofar arewa, wadda ko limamin unguwa in zai gifta gidanta sai ya shirya amsa. Ya tarar da ita tana watsa wa zabi tsaki. Bayan sun gaisa ta dubi jakar ta ce, "Me ke motsi a nan?"

Ya gaya mata duka, har shawarar Waziri.

Ta ce, "Cindo ke nan. Tun yana yaro in an aike shi ɗiban ruwa sai ya jiƙa bayan tulu. Zauna, Barmo. Ka san asalin zabin nan?"

"Na gado ne, Yaya, daga wurin Inna."

"Daga wurin kakarmu. Kai ba ka san ta ba. Ta je itace ta sami ƙwan zabon daji goma sha biyu, ta kawo ta sa wa kaza. Kaza ta ƙyanƙyashe, ta raine su. A tafin hannun kaka suke cin tsaki, suna hawa cinyarta. Da lokacin girbi ya yi, garken daji ya yi kuka daga fadama, sai goma suka tashi fir, ko waiwaye. Biyu suka rage, ba don ƙauna ba, don sun fi sauran ƙiba da lalaci. Su ta haɗa. 'Ya'yansu, duk wanda ya cika leƙen katanga sai ta sa masa wuƙa, mai zama ta bar shi ya hayayyafa. Ta mutu Inna ta ɗora. Inna ta mutu na ɗora. Hannu uku ke nan, shekara ta fi tamanin, kuma har gobe 'yan banzan nan a ciyawa suke zuba mini ƙwai, sai na bi na tsinto na sa wa kaza. Ko su ban gama mai da su na gida ba."

Ta kaɗe hannu ta ci gaba. "Dubi tunkiya. Ka kore ta daji, kwana nawa za ta yi? Kakannin kakanninmu sun cire mata wayo sun ba ta makiyayi. Ta ba da 'yancinta, an ba ta dusa. Taka fa, me ka cire mata? Ka taɓa ganin ƙwanta? Kai ka zaɓar mata miji?"

"Amma tana amsa kirana, Yaya."

"Kana dukan rumbu, ɓeraye su firgita su zubo ƙasa, ta miƙo kai ta ga ko da rabo. Kai kuma ka ce barka da hantsi. Sabo turken wawa. To gaya mini, da damina tana ina?"

Barmo ya sunkuyar da kai. Wannan abu ne da bai faɗa a fada ba, bai kuma cika son faɗa wa kansa ba. Ya ce, "In ruwan farko ya sauka takan bi ta rariya ta fita. Sai an kai gero rumbu take dawowa."

"Ina take zuwa?"

"Ban sani ba."

"Shekara goma sha tara, ba ka sani ba." Tabawa ta zunguri jakar da ƙafa. "Wannan kuma, abin da ya zo maka don warin burgu, burgu ya zo ci. In ma Allah ya tsare ka ka ci shari'a, gobe kowane gardi ya shafa wari ya ce kurarsa ta gida ce. Kai kuma ka koma kana kwana danga ɗaya da 'ya'yan mutane. Ni ba zan gaya maka abin da za ka ce wa sarki ba. Gemunka ya fi nawa tsawo."

An ce Barmo ya yi kwana biyu yana kewaya rumbunsa. A safiya ta uku ya kai jakar bayan gida ya kwance bakinta, burgu ya ruga. Ya yi wanka, ya sa farar riga wankakkiya, ya ɗauki sandarsa ya nufi fada, bai san abin da zai faɗa ba.

Filin ƙofar fada ya cika har kan katangu. Sarki yana zaune a rumfa, Waziri a damansa. Jatau yana tsaye da baka, kibiya a ɗane. Ladidi tana gefe da tagwayenta. Aka ajiye kwando a tsakiyar fili, aka kife wani turmi taku ashirin daga nan don Barmo ya ƙwanƙwasa. Waziri ya dube shi ya ɗan gyaɗa kai. Barmo ya kawar da ido.

Aka ɗaga murfi da doguwar gora.

Da farko ba abin da ya motsa. Can sai kai ya fito, ya tsaya a bakin kwando, harshe yana ɗanɗana iska. Sannan jiki ya biyo. Ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, kamar ruwan da aka fasa wa madatsi, ba gaggawa ba tsayawa, har mutane suka fara zaton kwandon ba shi da gindi. Hantsi ya sauka a bayanta. Zanen da ke jikinta, baƙi da ruwan ƙasa da wani rawaya kamar zuma, babu marini ko maɗinkin da ya taɓa kusantar irinsa, kuma kowane ɗigo yana tafiya da kansa. Mai yi wa sarki fifita ya manta da hannunsa a sama. Dubban mutane, amma ana jin sautin cikinta a kan yashi.

Barmo ya tsaya baki buɗe. Sai a lokacin ya gane cewa tun tana ƙarama bai sake ganin ta gaba ɗaya ba. Kai yake gani a inuwar rumbu, da busasshiyar saɓa da yake aunawa da damtse. Tsohuwar riga ya yi shekaru yana ninkewa, mai rigar kuwa ga ta, bai san ta ba.

Sarki ya ce, "Kira ta, madugu."

Barmo ya ɗaga sanda. Ya san abin da Tabawa ta faɗa, amma zuciya tana son ta ji da kanta. Ya ƙwanƙwasa turmi sau uku. Mesa ta ɗaga kai, ta juyo, ta nufo shi. Jama'a suka ja numfashi. Ta iso gabansa, idonta ya gifta nasa, bai ga fushi a ciki ba, bai ga sani ba, bai ga kansa ba. Ta hau kan ƙafarsa ta wuce yadda za ta haye saiwar itace. Ya tsaya cik yana jin nauyinta da sanyinta suna bi ta kan yatsunsa, kamu bayan kamu, har wutsiya ta sauka. Ta miƙe ta nufi arewa.

Abin mamaki, bai ji ciwo ba. Tsigar jikinsa ce ta tashi. Wannan halitta ta kwana a bayan ɗakinsa shekara goma sha tara, tana iya abin da take iyawa, ba ta yi ba.

Jatau ya ja baka. Barmo ya zube a gaban rumfa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a dakata mini da kibiya in ba da amsa."

Sarki ya ɗaga yatsa. Jatau ya sassauta.

"Ranka ya daɗe, ba a dabba guda ake yin dabbar gida ba, a zuri'a ake yi. Ita ce wadda haihuwarta ke hannun mutum, da ta uwarta, da ta kakarta, ana zaɓe ana zubarwa, har a canza mata hali ta kasa rayuwa sai da mu. Wannan kuwa a daji aka ƙyanƙyashe ta. Ban cire mata komai ba, ban ƙara mata komai ba. Ta saba da ni ne kawai, ni kuma na ɗauki sabo na ce mallaka. Sarkin Baka ya fi ni gaskiya. Ba dabbar gida ba ce. Na kasa, zan fita daga gari."

Waziri ya runtse ido. Barmo ya ci gaba.

"Amma akwai abin da na ɓoye a fada. Duk shekara in ruwan farko ya sauka takan fita ta rariya, sai da kaka take dawowa. Ni madugu ne, Allah ya ba ka nasara, ya kamata a ce tuni na gane wannan tafiya. Sau goma sha huɗu ina sauka a gidan mutum ɗaya a Gwanja. Ya ba ni ɗaki, na kawo masa alheri, in lokaci ya yi in ɗaura kaya. Bai taɓa cewa ni nasa ba ne, bai kuma taɓa tambayata inda nake kwana a hanya ba. Wannan baƙuwata ce. Ta sauka, ta biya masauki da tsaron hatsi. Ina roƙon a yi mata abin da garin nan ke yi wa baƙo. Kada a zubar da jininta a cikin ganuwa. A raka ta."

Sarki ya jiyo kukan ɗaya daga cikin tagwaye. Sai ya ce a matso da Ladidi.

"Ke maƙwabciya, ta taɓa yi miki ɓarna?"

Ladidi ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, tsakani da Allah ko ɗan tsako ban taɓa rasawa ba. Amma ba zan sake kwana da ita a bayan dangata ba, ko za a ba ni unguwar duka."

"Kin faɗi gaskiya sau biyu. Jatau, kai fa?"

Sarkin Baka ya dubi mesar, ya cire kibiya ya mayar kwari. Ya ce, "Zaki, na shekara talatin a dawa ban ga kamarta ba. In an ce in harba zan harba. In an tambaye ni, hannuna ba ya so."

Sarki Anaruwa ya ce, "Al'adar baƙo ta girmi shelata, kakana ma samun ta ya yi. Ba za a harbe ta ba. A raka ta. Madugu kuwa zai fita daga ganuwa kafin ruwan farko, don na faɗa." Ya juya ga Barmo. "An gaya mini shekaranjiya burgu ya yi tsada a kasuwa. Da mesar ta zo maka a guje, madugu, da na sa Jatau ya shinshina rigarka, kuma da yau ba ita kaɗai za a yi wa hukunci ba. Ko ba haka ba, Waziri?"

Waziri Cindo ya ce, "Haka ne, Allah ya ja zamaninka," yana duban tabarma kamar yau ya fara ganin saƙarta.

Sarki ya ce, "Mutumin da zai faɗi gaskiyar da za ta kore shi daga gidansa, shi nake so ya riƙe mini abincin talakawana. Gafiya ta gama da rumbunan fada. A gina sababbi a bayan ƙofar arewa, kusa da duwatsu, a gina wa Barmo gida a wurin. Daga yau shi ne Sarkin Rumbu."

An ruwaito cewa ba a taɓa yin rakiya irin ta ranar nan ba. Mesa tana gaba, Barmo yana binta da sanda a hannu, Jatau da maharbansa suna buɗe hanya, gari duka yana baya, ba kiɗa ba guɗa. In ta tsaya a inuwa, dubban mutane su tsaya. In ta motsa, su motsa. Daga hantsi har azahar kafin a kai ƙofar arewa. Tabawa tana bakin gidanta, zabinta sun haye rufi suna ta tsiwa, ta dubi ƙanenta ta ce, "Yau dai ka yi gemu." A bakin ƙofa jama'a suka tsaya, yadda al'ada ta ce. Barmo ya ce, "Allah ya kai ki lafiya." Ta ratsa ciyawa ta shige tsakanin duwatsu, ba ta waiwaya ba.

Kaka ta zo, aka cika sababbin rumbuna, Magajiya ba ta zo ba. Wata kakar ta zo, shiru. Barmo ya daina ƙwanƙwasa rumbu, amma ya hana a toshe ramukan da ke tsakanin duwatsun gindinsu. A kaka ta uku, wata safiya ya zaga bayan babban rumbu, sai ga saɓa a shimfiɗe a kan duwatsu, raɓa ba ta bushe a kanta ba. Ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya kai damtse zai auna. Sai ya tsaya. Ya saki hannun rigarsa, ya ce a hankali, "Sannu da zuwa." Ya bar saɓar a wurin, iska ta ɗauke.

Masu ruwaya sun ce abin lura a nan shi ne, ba duk abin da ya ci a hannunka ne naka ba. Akwai na turke, akwai na masauki, kuma wanda ya kasa bambance su, ko dai ya cuci baƙonsa ko baƙon ya cinye shi. Nan tawadar mai rubutu ta tsaya, abin da ya wuce haka Allah ne masani.